Nima da Mamobi a ƙafa: mai shago ma yana da lokacin motsi

Duk wanda ya taso a gidan fatake ya san zango wurin sauke kaya ne bayan an sha tafiya. Kakanninmu masu zuwa Gwanja neman goro sukan tashi daga Kano ko Katsina da jakuna, su ƙetare Kwara ta wajen Yawuri, su ratsa ƙasar Bargu ta Nikki da Jugu, su biyo ta Yandi kafin su isa Salaga. Tafiyar watanni ce, kuma yawancin ayarin a ƙasa suke takawa, don bayan jaki na kanwa ne da tufafi. Sai madugu ya ce a ya da zango sannan mutum ya samu ya miƙe ƙafa. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 'yan kasuwa suka watsu, wasu suka yi Kete Karachi, wasu Kumasi, wasu suka gangaro bakin teku suka tarar da 'yan'uwansu a Akara. Sunan zango ya bi su har ya zama sunan unguwa.

Zangon yana nan, amma tafiyar ƙafar ta ƙare. Nakan zo Akara sau biyu ko uku a shekara, in kawo shadda da turare, in koma da atamfa. Daga Legas zuwa Kwatano, zuwa Lome, zuwa iyakar Aflawo, a kujera ɗaya nake. In na sauka Mamobi wajen maigidana, sai in tarar da mutanen da su ma tun hantsi suna kan benci ɗaya, kuma a kansa magariba za ta same su. A 'yan shekarun nan gaisuwar "ya jiki?" ta fara yawa a layinmu. Wane hawan jini, wane ciwon sukari. Akwai wani mai kayan masarufi da ɓarin jikinsa ya shanye yana tsakiyar ƙarfinsa. Da na dawo bayan wata biyar na tarar an ba wani hayar shagon, yaransa biyu kuma an cire su daga makarantar kuɗi. Ma'aikacin gwamnati in ya kwanta albashi yana shiga. Mu kuwa ran da jiki ya tsaya ciniki ya tsaya, abin da ake aikawa gida Maraɗi ko Sakkwato shi ma ya tsaya.

Shi ya sa a zuwana na baya-bayan nan na sa ido in ga yadda masu sana'ar kansu a Nima da Mamobi suke samun lokacin motsa jiki, mutanen da ba su da ranar hutu, balle kuɗin shiga gidan motsa jiki.

Yadda unguwar take

Nima tana tsakanin titin Ring Road daga kudu da Kanda daga gabas. Ta yamma tana iyaka da Niyu Tawun, wadda tsofaffi har yau suke kira Legas Tawun, ta arewa kuma Mamobi ce. Dattawan unguwa suna cewa Malam Amadu Futa, wani Bafulatani mai fataucin shanu, shi ya fara karɓar filin daga hannun wani gidan ƙabilar Ga na Osu a farkon shekarun 1930. Makiyaya ce a lokacin. Yau in ka shiga lungunanta, akwai inda mutum biyu ba sa giftawa sai ɗaya ya karkata kafaɗa.

Babban titin Nima ya ratsa tsakiyar unguwar ya wuce Mamobi. Abin da na cikin mota ba ya lura da shi shi ne ƙasar ba shimfiɗaɗɗiya ba ce. Daga ɓangarorin biyu tana gangarawa zuwa babban lambatun da ya raba unguwannin, wanda kowa ke kira gota. Ka gangara, ka haye, sai ka hau tudu, kuma numfashinka zai gaya maka ka hau.

Laraba ce ranar kasuwar Nima, Kasuwar Mamudu. Buhunan masara da gero da wake a jibge har bakin titi, ga gyaɗa, ga barkono da citta da kanumfari, ga daddawa da man kaɗanya, ga kaji da zabi a cikin kwanduna. Kunnenka zai ji Zabarmanci da Dagombanci da Mosanci da Fulatanci da Tonanci, amma in aka zo yanke farashi yawanci da Hausa ake yankewa. Baƙon da ya tsaya a tsakiyar wannan hayaniya zai rantse nan kowa motsi yake yi.

To, ka tsaya ka duba su wa ke motsin. 'Yan matan da ke dako a ka, waɗanda ake kira kayaye. Masu tura baro. Yaran shago da almajiran tela. Mai dukiyar yana zaune. A sana'armu duk ƙarin arziki yana rage taku: mai talla ya samu tebur, mai tebur ya samu kwantena, mai kwantena ya kama shago ya ɗauki yaro. Sai waya ta zo ta kwashe ragowar. Kafin MTN ta fara harkar MoMo a Gana a 2009, in kana bin mutum bashi a Tudu ko Makola sai ka tashi ka je. Yanzu "tura min a MoMo" ne. Samfurin kaya a WhatsApp ake nunawa, ɗan okada ya kai. Abinci yaro ya kawo, har ruwan alwala a buta ake miƙo wa mutum inda yake.

Direba da yaron mota

A 1953 wani likita ɗan Birtaniya, Jeremy Morris, ya fitar da sakamakon binciken da ya yi kan ma'aikatan manyan motocin haya masu hawa biyu na Landan. Direbobi suna wuni a zaune, kwandastoci kuwa suna hawa da sauka a matakala suna karɓar kuɗi. Mota ɗaya, gari ɗaya, amma ciwon zuciya ya fi kama direbobin. Duk wanda ya taɓa shiga trotro, motar hayar Akara, daga Nima zuwa Sarkul ya ga waɗannan mutane biyu da idonsa: direba a kujera, yaron mota yana dira yana hawa a kowace tasha. Mai shago direba ne, yaronsa ne kwandasta.

Abin da ke faruwa a jiki ba ɓoyayye ba ne. In kana takawa, naman sharaɓa yana matsa jijiyoyi yana mayar da jini sama. In ka yi awa huɗu a zaune, jinin ya taru ƙasa, shi ya sa da yamma takalmi yake matse ƙafa. Haka nan tsokar da ke aiki tana jan sukari daga cikin jini. Mutum ya tashi da kwanon tuwon zafi, ya bi shi da lemon kwalba ko shayin ataya mai sukari, ya koma benci, sukarin nan zai daɗe yana yawo bai samu mai ɗauka ba. Tafiyar minti goma bayan abinci tana rage wannan.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarin da ta fitar a 2020, ta ce baligi yana buƙatar minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, irin tafiya da sauri wadda numfashi zai ɗan ɗaga amma kana iya magana. Ta kuma ce ba dole ba ne a yi shi a tashi ɗaya, kowane ɗan motsi yana shiga lissafi. Ɗan kasuwa ba a koya masa rabawa: 150 a kwana shida, minti 25 ke nan a rana. Tambayar ita ce ta ina minti 25 za su fito alhali shago ba ya tsaron kansa.

Yarjejeniyar maƙwabta

Maigidana ya haura sittin. Gidansa yana Mamobi, shagonsa na shinkafa da mai da sukari yana Nima, bakin babban titi. Ya ce min ran da aka gwada jininsa a asibitin Mamobi, ma'aikaciyar ta ba shi magani ta ce kuma ya riƙa tafiya.

"Na ce mata, 'yata, in na tafi yawo wa zai zauna min? Ta yi dariya ta ce, Baba, in ka kwanta ma wa zai zauna maka?"

Abu na farko da ya yi, ya bar wa ɗansa babur. Da safe yana takowa daga gida, ya gangara ya haye gota, ya hau tudun Nima, ya buɗe shago. Da na bi shi, kimanin minti goma sha biyar muka yi. Abu na biyu shi ya fi burge ni. A Nima kusan kowane lungu da masallacinsa, nasu ma taku goma ne daga ƙofar shago. Sai suka yi magana da maƙwabcinsa, wani Bazabarme mai sayar da bokitai da robobi. Da la'asar maigida yana tafiya wani masallaci mai ɗan nisa, shi maƙwabcin ya yi tasa a na kusa, idonsa a kan shago biyu. Da magariba su yi musanya. Kowa ya rubuta farashin kayan da suka fi fita a jikin kwali ya ba ɗan'uwansa, da sharaɗi ɗaya: ba a ba da bashi sai mai shago ya dawo.

Na ce, "Alhaji, ba ka tsoron mai saye ya zo ya tafi?"

Ya ce, "Yana faruwa mana. Wani ya jira, wani ya tsallaka gaba. Amma ka duba littafi. Abin da nake rasawa a wata bai kai kuɗin kwana biyu a gadon asibiti ba. Ga shi malamai sun ce kowane taku zuwa masallaci da ladansa. Ciniki biyu a tafiya ɗaya, wane ɗan kasuwa ne zai ƙi?"

Ranar Juma'a sukan rufe gaba ɗaya su taka zuwa babban masallacin ƙasa da ke Kanda, kusa da mararrabar Kawo Kuɗi, wanda aka gina da taimakon Turkiyya aka buɗe a watan Yulin 2021. Tun daga nesa kana hango hasumiyoyinsa huɗu. Daga wajen kasuwa, a irin takun maigida, minti ashirin ne zuwa, ashirin dawowa. Maganinsa dai bai daina sha ba, kuma duk wata yana zuwa a gwada jinin. Tafiya taimakon magani take yi, ba ta maye gurbinsa.

Tela da mai wake da shinkafa

A wani lungu bayan kasuwa akwai telan da nake kai wa shadda. In azumi ya raba tsakiya, shi da almajiransa a shago suke sahur. Irin wannan ba ka ce masa ya fita yawo. Abin da ya yi shi ne ya fitar da teburin guga waje, ƙarƙashin rumfa, kuma duk ɗinkin da ya kai a danne shi, da kansa yake tashi ya danne. Zare da maɓalli ma ya daina aikawa.

"Zuwa da kai ya fi aike," in ji shi. "Yaro ya kawo maka kalar da ba ita ba, ka sake aikensa, ka yi fushi. Ni in je in zaɓa, bayana ya miƙe, idona ya huta."

Tsohon kekensa na ƙafa ma bai sayar ba. Ya ce a 2015, lokacin da ɗaukewar wuta da ake kira dumso ta yi tsanani, dole ta mayar da shi kansa, sai ya lura ƙafarsa ta daina kumburin yamma. Tun daga nan ƙananan ɗinki a kansa yake yi ko da wuta.

Mata kuwa tasu matsalar daban ce. Akwai wata hajiya da ke sayar da wake da shinkafa a bakin layinmu, wanda a nan ake kira wace. Da na ɗauko zancen sai ta dube ni sama da ƙasa.

"Ɗana, ni za ka gaya wa motsi? Tun ƙarfe uku na dare ina tsaye."

Na ce, "Mma, tsaye dai, amma taku nawa kika yi?"

Ta yi shiru, sannan ta ce ai ita ma ta gano hakan da kanta, don jijiyoyin ƙafarta ne suka fara fitowa, ƙugu kuma ya riƙe. Tsayuwa wuri ɗaya a gaban tukunya gajiya ce, amma jini bai zagaya ba. Yanzu tana da ɗan kututture a ƙarƙashin tebur, ta ɗora wannan ƙafa, an jima ta ɗora waccan, in layi ya ragu ta riƙa ɗagawa a kan yatsunta. In ta sayar wajen sha ɗaya, sai ta bar wa 'yan matanta wanke-wanke ta gangara Kasuwar Mamudu sayen wake da shinkafa da karan dafi na gobe. Kayaye ta ɗauko kaya, ita ta biyo ta a ƙafa. Asabar da Lahadi kuma, da yake 'yarta ce ke tsayawa, su huɗu suke fita bayan asuba da hijabansu da kambas, su zaga ta Kanda, a hanya su gama lissafin adashinsu.

Da muka zo kan kayaye ta ce wani abu da ya kamata mu masu kaya mu riƙe. Su yaran nan motsi ya yi musu yawa ne, wuya da baya suke lalacewa. Abin da suke buƙata a raba musu kaya biyu in ya yi nauyi, a kuma biya su haƙƙinsu ba tare da ja-in-ja ba.

Abin da ke tare hanya

Tafiya a Nima ba ta da sauƙi, gaskiya ɗaya ce. Gefen titi masu tebur sun cinye, 'yan okada suna fitowa ta inda ba ka zata ba, ƙananan lambatu a buɗe suke. Zafin Akara mai gumi ne, riga ta jiƙe ba ta bushewa, don haka tafiyar azahar ba ta dattijo ba ce. Sauƙin da ke akwai shi ne rana a nan tana fitowa wajen shida ta faɗi wajen shida kusan duk shekara, saboda haka lokacin bayan asuba da na bayan la'asar ba sa canjawa sosai. In ruwan Mayu da Yuni ya sauko kuwa, a nisanci bakin gota.

Sai maganar girma. Alhaji ya fito a ƙafa, kafin ya yi taku hamsin babur uku sun tsaya: "Baba, lafiya? Mota ta lalace ne? Hau in kai ka." Maigida ya ce wata guda ya yi yana ba da haƙuri kafin a saba. Ga kuma gaisuwa. A cikin lungu ba ka wuce majalisa ba ka tsaya ba, tafiyar minti goma sai ta koma ta arba'in, rabinta a tsaye. Shi ya sa masu son taku na sosai suke haurawa Kanda, inda tituna suke da faɗi, ga inuwar bishiyoyi, kuma ba kowa ya san ka ba.

Samari ba su da wannan damuwa. Filin Kawo Kuɗi yana cika da 'yan ƙwallo safe da yamma, kowane yaro yana ganin kansa Mohammed Kudus, wanda a Nima ya fara buga ƙwallo kafin duniya ta san shi. Ƙarshen mako kuma ƙungiyoyin motsa jiki suna ɗaukar mota zuwa Ayi Mensa su hau dutsen Aburi a ƙafa har Peduwase. Abu ne mai kyau ga wanda ya samu hali. Amma mai shagon da Lahadi ma a buɗe yake, nasa motsin sai dai ya fito daga cikin ranar aikinsa.

Ga na gida

Wannan magana ta shafi iyali kamar yadda ta shafi mai shago. Uwargidan da ke Kano ko Tawa, in kin kira waya kin tambayi ciniki, ki ƙara da "yau ka taka kuwa?" Ɗan da ya dawo daga makaranta zai iya zama a shago minti ashirin mahaifinsa ya zaga. In mahaifiya ce ke tsaye kan tukunya, a karɓe ta rana ɗaya ko biyu a mako. Wanda ya haura arba'in ya je a gwada jininsa ko da ba ya jin komai, don hawan jini ba ya sallama. Wanda ya daɗe bai taka ba ya fara da kaɗan, sannu ba ta hana zuwa. In kuwa tafiya tana kawo ciwon ƙirji ko jiri ko sarƙewar numfashi, a tsaya a ga likita tukuna.

Akwai kuma ribar da ke shiga aljihu. Mai tafiya a ƙafa shi ke fara sanin masara ta tashi, shi ke ganin sabon shagon da aka buɗe da wanda ake shirin rufewa. Teloli biyu daga cikin masu sayen shaddata yanzu a lungu na same su, wuraren da ko okada ba ya shiga. In Allah ya kawo ka Akara, ka sa takalmi mai daɗin tafiya a jaka. Ranar Laraba da sassafe ka sauka a shataletalen Nima, ka sha koko da ƙosai, ka bi ta cikin kasuwa ka gangara ka haye gota zuwa Mamobi. Ka riƙe ɗan littafinka a hannu, don farashin da za ka ji a hanya ya fi ƙarfin a riƙe shi da ka.